Laifin Wa Ne Gadon Da Ba A Gani?

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma a Rigachikun, kamar sauran garuruwan Igabi, mun sha ganin iyaye biyu lafiyayyu sun haifi yaron da amosanin jini ke kwantar da shi duk lokacin hunturu. Nan da nan dangin miji kan juya kan uwa: “Daga gidansu ta kwaso.” Wannan hukunci nake so in auna.

A shekarar 1866 Gregor Mendel ya wallafa abin da ya gano a lambun wake a garin Brno. Ya haɗa mai shunayyar fure da mai farar fure, zuriyar farko duka ta fito da shunayya. A zuriya ta biyu sai farar ta sake ɓullowa, kusan ɗaya cikin huɗu. Ashe ba ta ɓace ba, laɓewa ta yi. Kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wata mai rinjaye ce, wata kuwa ba ta bayyana sai ta haɗu da irinta.

Ƙwayar sikila daga masu laɓewa take. Mai AS yana noma, yana kasuwa, bai san yana ɗauke da komai ba. In ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kowane ciki na ce, domin lissafin sabo yake komawa, bai tuna yaran baya. Saboda haka babu yaro mai SS da bai karɓi rabin gadonsa daga uba ba. Surukar da ke nuna yatsa, mai yiwuwa daga jikinta ƙwayar ta bi ta isa ga ɗanta.

Ita ma ba ni ɗora mata laifin gadon. Mutum bai zaɓi abin da aka haife shi da shi ba. Hasali ma, a 1954 Anthony Allison ya nuna masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani; abin da muke tsoro yau shi ya raya kakanni da yawa.

A ganina nauyi yana farawa ne ranar da sani ya yiwu. Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, na kuma goyi baya, ko da yake ina fargabar a mayar da budurwa mai AS abar gudu, alhali in ta auri mai AA ba za ta haifi mai SS ba. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin gwajin. Sau da yawa sai an sa rana, an kai lefe, an buga kati, sannan a tura yara asibiti. A wannan gaɓa kunyar dangi ta riga takardar sakamako isowa gida, kuma iyaye kaɗan ne ke iya mayar da akwatuna.