Ƙotar Itace da Ƙotar Roba: Mene ne Ke Sa Gatari Ya Ci Gaba da Zama Gatari?

Gatari kashi biyu ne, ruwa da ƙota. Ruwan shi ne ƙarfen da ke shiga itace, ƙota kuma ita ke ɗaukar ƙarfin kafaɗa da nauyin jiki ta kai su bakin ƙarfen. Gatarin faskare ya bambanta da na sara, domin na sara siriri ne mai kaifi da ke yanke jijiyar itace a gicciye, na faskare kuwa mai kauri ne da nauyi, yana bin tsagin gungume ya buɗa shi. Saboda wannan nauyi, ƙotar gatarin faskare ta fi kowace shan wahala. Shekaru dubbai da itace ake yin ta. Gawar wani mutum da aka tsinta cikin ƙanƙarar tsaunukan Alfs a shekarar 1991, wanda ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, an same ta tare da gatarin jan ƙarfe mai ƙotar itace. Sai a ƙarni na 20, bayan da aka fara sarrafa zaren gilashi a masana'antun Amurka cikin shekarun 1930, ƙotar roba ta sami hanyar fitowa. Kwatanta waɗannan ƙotoci biyu yakan fara daga ƙarfi da farashi, amma ba ya daɗewa sai ya kai ga wata tsohuwar tambaya ta falsafa da addini: me ke sa abu ya ci gaba da zama shi ne, kuma wane haƙƙi kayan aiki yake da shi a kan mai shi?

Hanya biyu ake bi wajen haɗa ƙarfe da itace. A gatarin gargajiya na ƙasar Hausa, maƙeri yakan ja wa ruwan wutsiya mai tsini, a gasa ta ta yi ja, a huda kan ƙota mai dunƙule da ita, ƙarfen ya zauna cikin itace. Kowane bugu yana ƙara cusa wutsiyar ciki. A gatarin Turawa kuwa itacen ne ke shiga ramin da ke jikin ƙarfe, sannan a buga ɗan tsinin itace ko na ƙarfe a samansa don ya matse. Masassaƙan Hausa sukan nemi marke ko aduwa ko ƙirya, Turai ta daɗe da wani itace mai suna ash, Amurka kuma da hikori, wanda har yau kamfanin Gränsfors Bruk na Suwidin, da aka kafa a 1902, yake sa wa gaturansa.

Falalar itace ita ce yana shanye girgizar bugu kafin ta iso wuyan hannu, kuma ana iya kankare shi ya dace da tafin mai shi. Yakan kuma yi gargaɗi kafin ya karye, ta hanyar tsagewa ko sauya sauti. Rauninsa shi ne yana tafiya da yanayi. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke har ruwan ya fara lilo. Gara na cin sa, kuma idan mai faskare ya zarce gungume, wuyan ƙota ya daki itace maimakon bakin ƙarfe, nan take ƙotar tana iya darewa. Jiƙa ta a ruwa don ta matse dabara ce ta yini ɗaya, domin idan ta bushe sai ta fi da sakwarkwacewa.

Ƙotar roba, wadda ake kira faiba, ana yin ta ne da zaren gilashi da aka cuɗa da roba mai tauri. Ba ruwanta da damina ko hunturu, gara ba ta cin ta, kuma tana jure zarcewar bugu fiye da itace. Wasu ana manne su cikin ramin ƙarfe da gam mai ƙarfi. Kamfanin Fiskars na ƙasar Finlan, wanda asalinsa maƙera ce da aka kafa a 1649, shi zuba robar yake yi ta naɗe ƙarfen baki ɗaya, ƙotar kuma a bar cikinta fayau don nauyi ya taru a kai. Irin wannan gatari da wuya ruwansa ya fice. Sai dai ranar da ƙotar ta karye, ko zafin rana na shekaru ya sa ta yi gautsi, babu masassaƙin da zai iya sake masa wata, ƙarfen mai lafiya sai ya bi ta zuwa bola ko wurin 'yan gwangwan.

A nan ake ganin cewa ɗorewa iri biyu ce. Akwai abin da ke ɗorewa saboda ba ya saurin lalacewa, akwai kuma wanda ke ɗorewa saboda duk sashen da ya lalace ana iya sabunta shi. Gatarin roba na farko ne, na itace na biyu. A gidaje da dama akan nuna gatari a ce na kaka ne, alhali an sauya masa ƙota sau biyar, maƙeri kuma ya sake buɗe bakinsa har ba a san adadi ba. Idan aka ce wata rana ruwan ma an sauya shi, da wace hujja za a ci gaba da kiransa gatarin kaka?

Girkawa sun yi wannan tambaya a kan jirgin ruwa. Marubuci Fulutak ya ba da labarin cewa mutanen birnin Atina sun adana jirgin gwarzonsu Tisiyas, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu, wasu suna cewa jirgin na nan, wasu suna cewa wani ne daban. A 1655 masanin Ingila Tomas Hobs ya ƙara wa tambayar wuya. Ya ce a ƙaddara wani ya riƙa tara tsofaffin katakan, daga baya ya harhaɗa su yadda suke a da, to wanne ne jirgin asali cikin biyun? Haka abin yake ga gatari. Da wani zai tsinci tsohuwar ƙota ya ɗaure ta, ya samo tsohon ruwan ya mayar mata, da an sami gatura biyu kowanne yana da'awar suna ɗaya.

Aristotal ya ɗauki gatari kansa ya yi misali da shi a littafinsa kan rai. A ganinsa kowane abu yana da kayan da aka yi shi da su, yana kuma da siffar da ta mai da shi abin da yake. Da gatari halitta ce mai rai, in ji shi, da iya saran nan shi ne ransa, kuma idan aka raba shi da wannan, sunan kawai ya rage. Malaman falsafa na Musulunci irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun gaji wannan rabe-rabe, suna kiran kayan hayula, siffar kuma sura. Bisa wannan fahimta, gatarin kaka yana nan matuƙar siffarsa da aikinsa ba su yanke ba, ko da ƙarfe da itace sun yi ta shiga suna fita. Abin da aka gada shi ne aikin da bai tsaya ba da kulawar da ba ta yanke ba.

Malaman fiƙihu sun iso kusa da wannan matsayi ta wata ƙofa, wato babin ƙwace. Sun tambaya: idan mutum ya ƙwace kayan wani ya sarrafa shi, kayan zai mayar ko diyyarsa? Hanafawa suka ce idan sauyin ya kai ga sunan abu ya gushe, babban amfaninsa ma ya gushe, to ya zama wani abu daban, sai a biya madadinsa, kuma cikin misalansu akwai ƙarfen da aka ƙera takobi da shi. Malikawa ma, kamar yadda yake a Muhtasar na Halil, sun lissafa alkamar da aka niƙa cikin abubuwan da suka fita daga halinsu na farko. Ma'aunin dai suna ne da amfani. Idan aka auna gatari da shi, sauya ƙota ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu, amma ranar da maƙeri ya mayar da ruwan fartanya, gatari ya ƙare ko da ƙarfen bai ragu da komai ba.

Gatarin roba da aka zuba a dunƙule ya toshe wannan tambaya tun daga masana'anta. Kayansa na ranar farko su ne na ranar ƙarshe, don haka babu mai shakkar cewa shi ne. Amma an sayi wannan tabbas da tsada, domin an ɗaure ran ƙarfe da ran roba, sashe mai tsawon kwana ya koma jiran ajalin mai gajeren kwana. Gatarin itace kuwa an ajiye rauninsa a inda hannun mutum zai iya kaiwa. Ƙotar ce ke karyewa, ita ce kuma mafi arha da sauƙin samu.

Ta fuskar shari'a, babu nassin da ya fifita wata ƙota a kan wata, kuma ƙa'ida ita ce asalin abubuwa halas ne. Alƙur'ani ya ambaci ƙarfe a Suratul Hadid, aya ta 25, a matsayin abu mai tsananin ƙarfi da amfani ga mutane, ya kuma ja hankali a ƙarshen Suratu Yasin ga wutar da ake samu daga koren itace. Duka biyun ni'ima ce da aka ba wa ɗan Adam amana. Saboda haka abin da ake aunawa shi ne yadda aka riƙe amanar, kuma ma'auni biyu ne suka fi shafar gatari: kauce wa cutarwa da kauce wa ɓarna.

Haɗarin ficewar ruwan gatari tsohon abu ne. A cikin Attaura, littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 19, misalin da aka kawo na kisan kuskure shi ne mutumin da ya shiga daji da maƙwabcinsa, ya ɗaga gatari, ƙarfen ya fice daga ƙota ya kashe maƙwabcin. Suratun Nisa'i, aya ta 92, ta ɗora wa mai kisan kuskure kaffara da diyya, abin da ke nuna cewa rashin niyya ba ya ɗauke nauyi gaba ɗaya. Faskare a tsakar gida ake yin sa, inda yara ke kai-komo. A wannan ma'auni ƙotar roba tana da hujja mai ƙarfi, musamman ga wanda ba ya duba gatarinsa sai ranar da zai yi aiki da shi. Wanda ya zaɓi itace ya ɗauki wa kansa wajibin girgiza ruwan ya ji ko ya matse kafin ya ɗaga.

A ma'auni na biyu lissafin ya fi wuya. Suratul A'araf, aya ta 31, ta hana israfi, Suratul Isra'i kuma, aya ta 26 da 27, ta tsananta a kan almubazzaranci. Yar da lafiyayyen ƙarfe saboda ƙota ta karye ɓarna ce, ga shi kuma roba daga man fetur take fitowa, ba ta ruɓewa ta koma ƙasa, alhali karyayyar ƙotar itace murhu take shiga ta dafa tuwo. To amma mutumin da ke karya ƙota kowane wata saboda ganganci, yana sa a sare masa matashin marke a dajin da ya riga ya yi ƙaranci, shi ma mai ɓarna ne. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar nan, tunda reshen da daji ya bayar shi ke komawa ya kayar da dajin. Israfi yana cikin halin mai riƙe da kaya fiye da yadda yake cikin kayan.

Akwai kuma batun dogaro da kai. Buhari ya ruwaito daga Zubairu ɗan Awwam cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fifita wanda ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan mai roƙon mutane. Abu Dawuda da Ibn Maja sun kawo ruwayar Anas ɗan Malik game da wani mutumin Madina da ya zo roƙo. Aka sayar da mayafinsa da ƙoƙonsa dirhami biyu, ya sayi abinci da ɗaya, ya sayi ruwan gatari da ɗaya, Annabi ya sa masa ƙota da hannunsa, ya ce ya tafi yin itace har kwana 15, ya dawo da dirhami 10. Wasu malaman hadisi sun raunana isnadin wannan ruwaya, amma ma'anarta ta dace da ta Buhari. Abin lura shi ne ƙarfen kaɗai aka saya da kuɗi, ƙota kuwa aikin hannu ce. Haka yake har yau ga mai faskaren da ke zaga unguwa da gatari a kafaɗa. Idan ƙotarsa ta karye da hantsi, masassaƙi na kusa zai mayar da shi bakin aiki kafin la'asar, maƙerin da ya ƙera ruwan daga tsohon sifirin na mota shi ma yana nan a kasuwa. Kayan aikin da ake gyarawa yana ciyar da mutum uku, wanda ba a gyarawa kuwa yana mayar da mai shi ga ɗan kasuwa a duk lokacin da ya lalace.

Daga wannan duka, zaɓin ya danganta ga halin mai aiki da inda yake zaune. Mai faskare jefi-jefi, wanda gatarinsa ke kwana a waje cikin danshi kuma ba shi da masassaƙi kusa, ƙotar roba ta fi kare shi da na kusa da shi, matuƙar zai riƙe ta har ta ƙare kwananta, ya kuma kai ƙarfen ga mai narkarwa. Wanda faskare sana'arsa ce, yana duba kayansa kullum, yana shafa wa ƙota mai, yana ajiye ta a inuwa, itace ya fi masa sauƙi a hannu da aljihu, kuma gatarinsa ne zai iya kaiwa ga jikoki da sunansa. A duka halin biyu amanar ɗaya ce: kada gatarin ya cuci kowa, kada a yar da abin da yake da sauran amfani, kada kuma a sari daji fiye da buƙatar murhu.