Ruwan Hoda: Fuskar Wa Aka Auna?

Duk wanda ya ratsa layin 'yan atamfa da shadda a kasuwar Sara, cikin ƙasar Gwaram, ko ya halarci biki a Birnin Kudu, ba zai rasa ganin launin nan da muke kira ruwan hoda ba. Yana jikin mayafi, yana jikin anko, yana kuma bisa leɓe da kumatun 'yan mata. Wasu dattawa na ganin rashin kamun kai ne, wasu samari kuma na cewa namijin da ya sa shi ya zubar da girmansa. To, shin launi yana da laifi a karan kansa? Wannan ita ce tambayar da za mu ɗan tattauna a kai.

Bari mu fara da sunan. Bahaushe yana da kalmomi uku na asali, wato fari da baƙi da ja. Yawancin sauran launuka kuwa da wani abu na muhallinsa yake kwatanta su: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa. Rawaya ma sunan tsiron da ake rini da saiwarsa ne, shuɗi kuwa ɗan'uwan shuni ne, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Amma ruwan hoda ya fita daban, domin ita kalmar hoda daga Turanci muka aro ta, kuma garin shafawar da aka fara kawo mana an haɗa shi ne don ya dace da fatar matan Turai. Ashe ke nan sunan da kansa yana ɗauke da tarihin fuskar da aka auna.

Game da maza, zancen gajere ne. A Amurka kanta, a 1918, wata mujallar masu cinikin kayan jarirai ta ba da shawarar a sa wa yara maza ruwan hoda, mata kuma shuɗi. Sai daga shekarun 1940 abin ya juye, ya ƙara ƙarfi bayan Mamie Eisenhower ta fito da riga mai wannan launi a bikin rantsar da mijinta a 1953. Dokar da 'yan kasuwar wata ƙasa suka kafa, suka kuma juya ta cikin shekaru talatin, ba ta isa ta zama ma'aunin mazantaka a ƙasar Hausa ba. Magidanci da babbar rigar shadda ruwan hoda a ɗaurin aure bai rage komai daga mutuncinsa ba.

Haka nan son jan launi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Zane-zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, waɗanda masana suka bayyana wa duniya a shekarun 1950, da yawansu da jan launi aka yi su. Kakanninmu mata sun ƙunsa lalle har tafin hannu ya yi ja, sun ci goro da fure don haƙora su rine, sun sa kwalli, sun yi zane da katambiri. Sai dai a lura da abu guda: duk waɗannan kayan ado a kan baƙar fata aka gwada su, kuma ita suke ƙara wa kyau. Ba wadda ta taɓa canza fatarta don lalle ya karɓe ta.

Nan ne matsalar take. Yarinya ta sayi hoda da jan-baki waɗanda aka haɗa don wata fata, ta shafa, ta duba madubi ta ga fuskar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa mata toka. Maimakon ta ce hodar ce ba ta dace da ita ba, sai ta yanke hukuncin cewa fatarta ce ke da aibu, ta koma ga man bilicin. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu daga cikin mayukan suna ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sa fata ta yi laushin da rauni ba ya saurin warkewa. Mutum ya sayi takalmi, ya matse shi, sai ya yanke yatsa! Ina hikima a nan?

Wani zai ce, ai tun kafin zuwan Turawa Hausawa ke cewa farar mace alkyabbar mata. Gaskiya ne, kuma bai kamata mu ɗora wa baƙi laifin duka ba. Kasuwa ta tarar da wannan rauni a zukatanmu ne, ta kuwa yi ciniki da shi. Saboda haka gyaran ya shafi mu maza, musamman mu ɗalibai da muke zuga fara muna kau da kai daga baƙa da wankan tarwaɗa, sannan mu dawo muna zagin mai bilicin. Wanda ya ɗora farashi ba shi da bakin zargin mai biya.

Su ma masu kamfanoni suna gyara kuskurensu idan an matsa musu. A 1962 kamfanin Crayola na Amurka ya daina kiran wani fensirinsa mai kama da ruwan hoda da sunan launin fatar mutum, domin an gane ba fatar kowa ce haka ba. In masu abu sun yarda ma'auninsu bai game duniya ba, don me mu za mu riƙe shi?

A taƙaice, ruwan hoda ba shi da laifi, kuma ƙalilan ne launukan da ke haskawa a jikin baƙar mace kamarsa. Mai so ta ɗaura, ta yafa, ta shafa wanda ya karɓi fatarta. Ma'aunin shi ne: adon da ya bi jiki ado ne, wanda ya ce sai jiki ya bi shi kuwa zanen aro ne, ba ya rufe katara. Allah ya sa mu gane.