Hirar Majalisa, Hirar Waya, da Doka ta Takwas



A cikin Ayyukan Manzanni, sura 17, Waliyi Luka ya ba mu labarin isowar Manzo Bulus birnin Atina. Da yake kwatanta mutanen birnin, ya nuna cewa su da baƙin da ke zaune a cikinsu ba su da abin da suka fi ƙauna kamar su ji sabon labari ko su faɗe shi. Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a bakin hanyar Kano zuwa Daura ya san cewa wannan hali bai tsaya a Atina ba. Mu ma mutanen hira ne. Iyayenmu sun zauna a gindin bishiya da rediyo a tsakiyarsu, suna sauraron Kaduna da Landan da Muryar Jamus, in an gama labarai a rage murya a shiga sharhi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa saura Gaskiya Ta Fi Kwabo. Babu laifi a cikin wannan. Bulus kansa bai tsawata wa mutanen Atina saboda son labari ba. Ya bi su har Tudun Arasa, ya yi musu magana a inda suka saba taruwa.

Abin da ya canja shi ne wurin zaman. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, majalisar ta fara ƙaura daga gindin bishiya zuwa tafin hannu. A wannan shekarar ce kuma, zamanin Gwamna Saminu Turaki, aka kafa makarantar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure, lokacin da mutane da yawa a ƙauyukanmu ba su taɓa ganin na'urar da idonsu ba. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu a garin, ga jami'ar fasaha ta tarayya da aka amince da kafawa a Babura a 2021. Ashe ke nan ba za mu ce mu mutanen gefe ne da zamani ya wuce ya bari ba. 'Ya'yanmu da ke waƙa a ƙungiyar mawaƙa ran Lahadi su ne ran Litinin ke muhawara a WhatsApp da Facebook a kan sabuwar waya, da farashin data, da juyin mulki a wata ƙasa, da ko na'ura za ta ƙwace wa mutum aikinsa. Zumuntar Mata tana da nata zauren a waya, matasa suna da nasu, malaman katikisma ma haka.

Ikkilisiya ba ta tsoron waɗannan abubuwa. Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardar Inter Mirifica ta 1963, ta lissafa hanyoyin sadarwa cikin abubuwan ban mamaki da hankalin ɗan Adam ya ƙirƙiro da taimakon Allah. Waliyi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, a 1990, ya kira duniyar sadarwa Tudun Arasa na zamaninmu. A watan Satumba na 2025 kuma aka sa Carlo Acutis cikin jerin waliyyai, yaron Italiya da ya rasu a 2006 yana ɗan shekara 15, wanda ya yi amfani da gwanintarsa ta kwamfuta wajen tattara labaran al'ajiban Yukaris. Saboda haka kada wani dattijo ya karanta wannan shafi ya je ya ƙwace wayar jikansa yana cewa Fada ne ya faɗa.

Amma akwai bambanci tsakanin majalisar dā da ta yanzu, kuma a nan ne muke so mu daɗe. A gindin bishiya, wanda ya kawo labari yana zaune a gabanka. Ka san ubansa, ka san ko mai ƙarin gishiri ne. In ya zarce, wani dattijo zai yi gyaran murya, maganar ta mutu a wurin. Idan aka tashi, iska ta tafi da rabin abin da aka faɗa. A waya kuwa labari yana zuwa ba uba ba uwa, sai dai "an turo mini". Ba dattijon da zai yi gyaran murya, kuma ba abin da iska ke ɗauka: abin da ka faɗa da wasa da tsakar dare yana nan ajiye, ana iya ɗaukar hotonsa a kai wa wanda bai san ka ba, bai ji abin da aka faɗa kafin naka ba, bai kuma ga murmushin da ka yi ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wanda ya fara faɗin haka bunu ɗaya ya sani. Yanzu da yatsa ɗaya ake yaye rufin ɗaki duka.

Mun ga abin da wannan ke haifarwa. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Da yawa daga cikinmu an tashe mu da asuba da kiran waya daga 'yan'uwa masu ƙaunarmu. Cutar ba ta taɓa isowa Arewa ba, ta tsaya a Legas da Fatakwal, inda ta kashe mutum 8. Amma gishirin ya kashe aƙalla mutum 2, ya kwantar da wasu a asibiti. Waɗanda suka tura saƙon ba mugaye ba ne. Kowannensu ya ce a ransa, in gaskiya ne na ceci rai, in ƙarya ne ba abin da aka rasa. Wannan lissafi shi ne tarkon, domin an rasa rayuka.

Na biyun ya fi wannan nauyi. A watan Yuni na 2018, lokacin kashe-kashen ƙaramar hukumar Barikin Ladi a Jihar Filato, hotuna masu ban tsoro suka bazu a Facebook ana cewa gawawwakin da aka kashe ne a ranar. Daga baya binciken BBC ya nuna cewa wasu daga cikinsu tsofaffi ne, har akwai wanda aka ɗauka a ƙasar Kwango shekaru da dama kafin nan. An yi kisa na gaske a Filato, ba mai musun wannan, amma hotunan ƙarya sun ƙara wa wutar mai, aka tare hanya aka kashe matafiya da ba su san hawa ba balle sauka. A cikin waɗannan kwanaki ne wani limami, Malam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar, ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. Ku tambayi kanku wanne ya riga isowa wayoyinmu, hoton ƙaryar ko labarin limamin.

Ba kuma za mu manta da Deborah Samuel ba, ɗalibar kwalejin ilimi ta Shehu Shagari da aka kashe a Sakkwato ran 12 ga Mayu, 2022, bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu. Babu maganar da ta halatta wa taron jama'a ɗaukar rai. Bishop Matthew Hassan Kukah da fadar Sarkin Musulmi duka sun yi tir da kisan. Mun ambace ta ne domin iyaye su gane cewa zauren 'yan aji, wanda yaro ke ɗauka kamar ɗakin kwanansa, ƙofarsa a buɗe take ga kasuwa. Mu a wannan yanki 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, waɗanda muke shan rijiya ɗaya da su, muke zuwa jana'izar juna da sunan juna. Wannan zama an gina shi ne shekara da shekaru, kuma saƙo ɗaya na rashin hankali, daga ɓangarenmu ko nasu, yana iya tsaga shi.

To, me bangaskiyarmu ta ce? Doka ta takwas ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Da yawa muna jin wannan doka sai mu tuna da kotu, mu ce ai ba mu taɓa rantsuwa a gaban alƙali ba. Katikisma ta Ikkilisiyar Katolika, a lamba 2477, ta faɗaɗa mana ita zuwa laifi uku. Akwai yanke hukunci da gaggawa, wato ka yarda da aibin wani ba tare da isasshen dalili ba, ko da a zuciyarka kaɗai. Akwai tona asiri, wato ka bayyana aibin mutum na gaskiya ga waɗanda ba su da bukatar sani. Akwai kuma ƙazafi. Ku lura da na tsakiyan, domin shi ne ya fi kama mu. Sau nawa muke kare kanmu da cewa "ai gaskiya ne"? Hoton yarinyar da ta yi kuskure gaskiya ne. Bidiyon waɗanda suka ƙone a fashewar tankar mai a Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, shi ma gaskiya ne. Amma waɗannan gawawwaki suna da iyaye mata, kuma iyayen suna da waya. Kasancewar abu gaskiya bai ba mu izinin yawo da shi ba.

Wanda ya tura kuma ba zai fake da cewa ba shi ya rubuta ba. Mai ɗaukar garwashi daga murhun wani ya kai kan dangar wani, ba a tambayarsa wa ya hura wutar.

Akwai wata sabuwar wahala da ta ƙaru a kan waɗannan. Kakanninmu sun ce gani ya kori ji, kuma da wannan ma'auni muka girma. A watan Maris na 2023 wani hoto ya zagaya duniya na marigayi Paparoma Francis sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi irin ta 'yan gayu. Miliyoyin mutane suka yarda, alhali na'ura ce ta zana shi. Wannan ya tsaya a abin dariya. Amma fasahar da ta yi shi tana iya sa muryar Bishop ko ta Sarki a bakin maganar da ba su taɓa yi ba. Paparoma Leo na 14, kwana biyu bayan zaɓensa a watan Mayu na 2025, ya gaya wa Kadinal-Kadinal cewa ya ɗauki sunan ne yana tunawa da Leo na 13, wanda ya fuskanci zamanin masana'antu da wasiƙarsa ta 1891, domin yanzu ƙirƙirarriyar basira ta kawo wa mutuncin ɗan Adam da aikinsa sabuwar tambaya. Matasanmu da ke karatun kwamfuta a Kazaure sun fi mu firistoci sanin yadda ake gane hoton jabu. Wannan sani baiwa ce, kuma za a tambaye su a kanta. Idan kana cikin zauren majami'arku ka ga an turo abin da ka san ƙarya ne, ka yi shiru domin wanda ya turo ya girme ka, ba ladabi ka yi ba. Ka kira shi a gefe, ka gaishe shi yadda ya dace, ka ce, "Baba, wannan hoton na bincika, ba na bana ba ne."

Kada kuma wannan ya sa mu ɗauka cewa Kirista na kirki shi ne wanda ba ya tanka zancen duniya. A Bisharar Luka, sura 24, almajirai biyu suna tafiya Imuwasu suna ta tattauna abin da ya faru a Urushalima cikin kwanakin nan. Hirar labaran yau da kullum suke yi, cike da baƙin ciki da rabin labari, har da rahoton matan da suka je kabari, wanda ba su san yadda za su ɗauke shi ba. Yesu bai hana su ba. Ya matso, ya tambaye su abin da suke magana a kai, ya bar Kiliyobas ya zazzage duk abin da ke cikinsa, sa'an nan ya warware musu. Mu lura da cewa Kiliyobas, duk da ruɗewarsa, ya rarrabe abin da suka sani, da abin da matan suka faɗa, da abin da waɗanda suka je dubawa suka tarar. Ko wannan kaɗai muka koya daga gare shi, da zaurukanmu sun gyaru. Mutanen Babura sun san amfanin haka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, zancen yaƙi ya cika wayoyi, alhali mai ɗan'uwa a ƙetaren iyaka yana iya kiransa ya ji abin da idonsa ya gani. Mu yi zancen tsadar taki, da canjin kuɗin da ya wahalar da mu a farkon 2023, da zaɓe, da ambaliya. Waɗannan al'amuranmu ne, kuma wanda ya san gaskiyar farashi ko ranar rigakafi ya sanar da 'yan'uwa ya yi aikin ƙauna.

Saura magana ɗaya, wadda ta shafi masu zuwa furta zunubi. Katikisma, a lamba 2487, ta koyar da cewa laifin da aka yi wa gaskiya da adalci yana ɗauke da wajibcin gyara, ko da an riga an gafarta wa mai laifin. Wanda ya saci akuya ba ya tsayawa ga tuba, sai ya mayar. Haka wanda ya ɓata sunan wani. A dā wannan gyara yana da wuya, domin ba ka san kunnuwa nawa maganarka ta shiga ba. Yanzu wayar da kanta tana nuna maka zauren da ka tura, da ranar, da sunayen waɗanda ke ciki. Share saƙon bai isa ba, gama an riga an karanta. Sai ka koma wannan zaure, a gaban mutanen nan, ka rubuta da sunanka cewa abin da ka turo ran kaza game da wane ba haka yake ba, ka roƙi duk wanda ya tura gaba ya tura wannan ma. Idan wanda aka ɓata ɗin yana garinku, Kirista ne ko Musulmi, ka taka da ƙafarka har ƙofar gidansa, ka yi sallama.