Tausayi Ya Kan Ratsa Gilashi?

A cikin watan Maris na 2019 wani abu ya faru a wani asibiti na Kalifoniya, cikin Amurka, wanda ya sa mutane suka yi ta magana. Wani tsoho mai shekara 78 yana kwance da ciwon huhu, jikarsa tana zaune kusa da shi. Sai ga wata na'ura mai taya ta shigo ɗakin, a bisanta akwai allon gilashi, cikin allon kuwa ga fuskar likita. Shi likitan yana wani wuri dabam. Daga can ya gaya wa tsohon huhunsa ya lalace, ba sauran magani sai na rage zafi. Tsohon ba ya ji sosai da kunne ɗaya, na'urar kuwa ba ta iya zagayawa ɗaya gefen gadon ba. Saboda haka jikar ce ta riƙa maimaita wa kakanta maganar mutuwarsa da bakinta. Bai daɗe ba ya rasu.

Waɗanda suka ji labarin suka ce wannan ba daidai ba ne. Amma ina laifin ya ke? Ga na'urar ne, ko kuwa ga yadda aka yi aiki da ita? Tambayar da mu ke so mu duba ke nan.

Bayan shekara ɗaya tambayar ta zama ta duniya duka. Ran 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar korona ta zama annoba. Asibitoci da yawa suka hana dangi shiga duba marasa lafiya, domin kada cutar ta bazu. A Italiya da Ingila da Amurka mutane suka yi ban kwana da iyayensu ta waya mai nuna fuska, wani ma'aikacin asibiti yana riƙe da ita kusa da gado. Likitoci kuma ta nan suka riƙa ba da labari mai nauyi. Annobar ta lafa, amma al'adar ta zauna. Yau ɗa yana wata ƙasa, uwarsa tana kwance a asibitin garinsu, ta waya zai ga fuskar likita.

Waɗansu suna cewa duk abin da ya shiga tsakanin likita da majiyyaci yana kashe tausayi. Wannan tsoro ba sabo ba ne. Dā likitan Turai ya kan ɗora kunnensa a ƙirjin mutum domin ya ji bugun zuciya. A 1816 wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ji nauyin yin haka ga wata matashiya, sai ya naɗe takarda kamar bututu, ya sa baki ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a kunnensa. Ashe ya fi ji sosai ta haka. Asalin abin sauraron ƙirji ke nan, wanda likitoci su ke ratayawa a wuya. Ya sa ɗan nisa tsakaninsu da majiyyaci, amma ba wanda zai ce ya mai da su marasa tausayi.

Kada kuma mu yi tsammani kusa da jiki shi ne kusa da zuciya. A 1984 waɗansu masu bincike biyu na Amurka, Beckman da Frankel, suka saurari ganawa 74 tsakanin likita da majiyyaci. Suka tarar a kan katse majiyyaci bayan sakan 18 da fara maganarsa, in an kwatanta duka. Ga su cikin ɗaki ɗaya, amma ba a bar mutum ya faɗi abin da ya kawo shi ba. A 2002 kuma aka gwada a birnin Basel na Suwizalan, aka bar majiyyata su yi magana ba katsewa. Yawancinsu ba su kai minti 2 ba suka gama. To, ba lokaci ne ya yi kaɗan ba, haƙuri ne.

Akwai wani gwaji da ya fi kusa da tambayarmu. A 1999 masu bincike a Amurka suka nuna wa mata sama da 200 hoton bidiyo na wani likita yana yi wa majiyyaciya bayanin ciwon daji na nono. Waɗansu suka ga bayanin kaɗai. Waɗansu suka ga bayanin tare da 'yan kalmomi na ta'aziyya, inda likitan ya nuna ya san abin da wuya, kuma ba zai bar ta ita kaɗai ba. Ƙarin bai wuce sakan 40 ba. Duk da haka matan da suka ga wannan hankalinsu ya fi kwanciya. Ku lura, ta gilashi suka gani. Ashe tausayi ya kan ratsa gilashi, in akwai shi a wancan gefe.

Amma ba ya ratsawa da kansa. Cikin ɗaki ɗaya jiki ya kan yi rabin magana: likita ya jawo kujera, ya dafa kafaɗa, ya miƙa ruwa. A waya duk wannan ya tafi, sai fuska da murya. Dole likita ya yi da gangan abin da dā ya ke yi ba tunani.

Na fari, ido. In likita ya dubi fuskar mutum a allo, shi mutumin zai ga kamar likita ya sunkuyar da kai. Sai ya dubi ƙaramin idon kamara kafin a ga yana duban mutum. In zai yi rubutu, ya faɗa, domin kada a zaci hankalinsa ya tafi wani wuri.

Na biyu, tambaya. Kafin ya faɗi kome, ya tambaya: Kuna jina sosai? Wa da wa ke ɗakin? Wa ku ke so a kira? Me aka riga aka gaya muku? Da an yi tambaya ta fari a Kalifoniya, da jikar nan ba ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta ba. Magana zarar bunu ce. Labarin da aka faɗa wa mace tana cikin kasuwa, ko tsoho yana shi kaɗai, ba ya komawa.

Na uku, shiru. Bayan mugun labari mutum yana bukatar a yi masa shiru. Amma a waya in likita ya yi shiru, a kan zaci layi ya yanke. Saboda haka ya ce, "Ina nan, Baba. Ba na sauri." Murya kuma ta kan ɗan makara a hanya, sai ya dakata kaɗan kafin ya amsa, domin kada ya hau kan maganar mai kuka.

Wani zai ce, "Ai zumunta a ƙafa ta ke." Gaskiya ne, ba mu musa ba. Inda likita zai iya zuwa da ƙafarsa, ya zaɓi waya domin ya guje wa hawayen mutane, ya yi laifi, gama ya mai da gilashi garkuwa. Amma inda ƙafa ba za ta kai ba, ko domin nisa ko domin annoba, barin iyali cikin rashin sani ba tausayi ba ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Ma'aunin fa ke nan: domin wa aka zaɓi wayar? Domin sauƙin likita, ko domin amfanin majiyyaci?

Akwai kuma abu ɗaya da gilashi ba zai taɓa yi ba, ba ya riƙe hannu. A nan ne maganar ta zo kanmu, ya ku masu karatu. Yawancinmu ba likitoci ba ne, amma mun saba da gaishe da marasa lafiya. In kun ji za a kira maƙwabcinku ta waya a kan ciwon matarsa, kada ku bar shi shi kaɗai. Ku nema masa wurin da babu hayaniya. Ku rubuta abin da likita ya faɗa, gama mai tashin hankali ba ya riƙe magana. In likita ya yi Turancin da ba a gane ba, ku ce, "Likita, a yi haƙuri a sāke faɗa mana." Sa'ad da allo ya yi duhu kuma, kada ku yi hanzarin tashi. Likita ya aiko da murya daga nesa, ku ne za ku zama hannun.