Gorin Da A Ke Yi Wa Mai-bi

Ya ɗan'uwa, kai da ka soma bin Yesu Almasihu a ƙasar Batsari ko ta Safana, kada ka yi mamaki in a bakin rijiya, ko a kasuwa wurin cinikin rogo, aka kira ka ɗan mishan aka bushe da dariya. Gorin da ya fi zafi kuwa shi ne a ce, Ciki ne ya kai ku, magani da riga kuka bi.

Wannan gori yana da asali, ya kamata ka san shi. A shekara ta 1937 mishan na S.I.M. ya karɓi aikin jiyyar kutare a Babbar Ruga, a kan hanyar Katsina zuwa Batsari. A can ne mutane da yawa suka fara jin Bishara, hannuwansu a naɗe da ƙyalle. Hakika neman magani ya kai su, kada ka yi musu. To, ina abin kunya a ciki? Wa ke zuwa wurin likita in ba mai ciwo ba? Luka ya ba da labarin kutare goma da suka yi kuka ga Ubangijinmu. Lafiyar jiki kaɗai su ke nema, bai kuwa goranta musu ba. Ɗaya ne ya komo ya yi godiya. Saboda haka, kafin ka yi fushi da mai gori, ka ɗauki maganarsa ka auna zuciyarka da ita. In babu riga, babu kuɗin makaranta, dangi kuma suka hana ka aure, za ka tsaya? In ka iske za ka tsaya, gorin ya yi maka amfanin da mai yinsa bai nufa ba.

Amma ka lura, ba kowace magana mai ɗaci ce ba'a ba. Tun da 'yan bindiga suka ɓuya a Dajin Rugu, suka auka wa Tsauwa da Dankar a shekara ta 2020, akwai iyaye a ƙasar nan da suka binne 'ya'yansu da hannunsu. In irin wannan ya dube ka ya ce, Ina Allahn da ka ke yabo? baƙin ciki ne ke magana. Na ga masu-bi suna zuba wa irinsa ayoyi kamar masu gardama a gaban alƙali, abin kuwa ba shi da kyau. Ka zauna tare da shi a tabarma, ka yi masa ta'aziyya, ka bar amsa sai ran da ya sake tambaya.

Shi kuwa mai ba'a na ainihi, kada ka rama, kada kuma ka ƙaurace masa. Ka riga shi gaisuwa da safe. Ran da ya kira gayya, ka ɗauki fartanyarka ka isa gonarsa da wuri.