Haƙƙin Kifi a Wuyan Masunci

A ƙasar Jibiya, daga Gangara har Magama, idan aka ce su, hankali kan dam yake tafiya. A ƙarshen shekarun 1980 aka datse kogin Gada don noman rani da ruwan sha, masunta kuma suka samu wurin sana'a. Da yamma ake shimfiɗa kalli, da asuba a koma a janyo shi. Karfasa ba ta daɗewa a cikin kwale-kwale, 'yan tsalle-tsalle kaɗan ta yi shiru. Tarwaɗa kuwa taurin rai gare ta: sai ta kai kasuwa a cikin daro tana motsa gashin baki, mai saye na taya ta tana kaɗa wutsiya. Ba wanda ke fuskantar da ita alƙibla, ba wanda ke neman malami ya yanka.

Asalin wannan sauƙi sananne ne ga duk wanda ya zauna a zaure. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko matafiya a jirgi za su iya alwala da ruwan teku, aka amsa masa da cewa ruwan mai tsarkakewa ne, aka kuma ƙara masa da halaccin mushen da ke cikinsa. Malikiyya sun ɗauki wannan da faɗinsa. Hanafiyya sun ɗan tsuke, sun hana cin kifin da ya mutu don kansa ya taso saman ruwa.

To, a nan ne wasu ke zamewa. Tunda ba a yanka kifi, sai su ɗauka ko ta wace hanya ya mutu daidai ne. Tun zamanin kakanni ana daka magimfa a zuba a kududdufi kifi ya bugu ya taso. Daga baya gamalin ya shigo, maganin ƙwarin gona, kuma an daɗe ana kuka da masu tuttula shi a kogunan Najeriya. Guba ba ta zaɓe: babba da ƙarami, mai ƙwai da ɗan tsako, har kwaɗi da ƙwarin da kifin ke ci, duk tafiya suke. Dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya, a 2009 kuma aka sa sinadarin da ke cikin gamalin a jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana.

Mai zuba guba yana iya cewa mushen ruwa halal ne. Amma hadisin magana yake a kan abin da ya halatta a ci, bai ba kowa izinin ɓarna ba. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana nan daram, ita ma a Muwaɗɗa take. Kogin Gada kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan. Da ya ƙetara iyaka sai a kira shi Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi, ya sake karkatowa Najeriya ya faɗa Rima. Duk abin da aka zuba a irin wannan ruwa, makiyayi zai shayar da shi, mace za ta ɗebo shi a tulu, kuma ba a nemi yardar ko ɗayansu ba. Matar da ta sayi banda don miyar gidanta ma ba ta da hanyar sanin yadda kifin ya mutu.

Akwai wata fuskar tambayar daga nesa. A arewa maso yammacin Amurka, a kogin Kolumbiya da rassansa, akwai salmon da steelhead, kifayen da ake ƙyanƙyashewa a kogi, su girma a teku, su hauro ruwa su koma inda aka haife su don yin ƙwai. Mutum kan yini tsaye cikin ruwan sanyi da fatsa, ya yi ta fafatawa da kifi guda, ya ciro shi, a ɗauki hoto, ya zare ƙugiya ya sake shi. A koguna da dama doka ce ta tilasta sakin steelhead na daji, saboda madatsun ruwa sun rage yawansu ƙwarai. Niyyar kare iri abin yabo ce.

Sai dai ƙugiya ta huda bakin dabba, ta wahala, wani lokacin ta mutu bayan an sake ta, kuma ba yunwa ce ta kawo mai fatsar ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda almajiran Katsina da Maraɗi ke karantawa, ta raba farauta biyu: ta nishaɗi kawai makaruhi ce, ta buƙata kuwa halal. Nasa'i ya ruwaito cewa tsuntsun da aka kashe a banza zai kai ƙara ranar hisabi. Ƙasar Suwizalan ta biyo wata hanyar ta iso kusa da nan: tun 2008 dokarta ta hana jefa fatsa da niyyar a kama a saki.

Don haka sakin kifi ba iri ɗaya ba ne. Masuncin da ya tsince 'ya'yan karfasa daga koma ya mayar da su ruwa abinci ya fito nema, ya kuma bar na baɗi. A Argungu ma tsohon tsari ya tanadi haka: ana killace kogin Matan Fada a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, ba a shiga sai ranar da aka buɗe, kuma da koma da gora ake shiga. Wanda ya kamata malaman Jibiya su fara yi wa wa'azi shi ne mai jan gidan sauro a ruwa a matsayin raga, domin ƙananan idanunsa ba sa barin ko ɗan kifin da bai kai tsawon yatsa ba.