Faɗakarwa ga 'Yan'uwa bisa Cikin da ya Shiga Bayan Ɓari

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ƙagen halitta cikin duhun mahaifa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa almajirai na Gesse da Birnin Kebbi da Argungu, wagga takarda amsa ce ga wata tambaya da ta yawaita cikin zauruka bayan an ƙare wuridi. Mace ta daɗe tana biɗar haihuwa, ko ta yi ɓari sau biyu ko uku, sa'an nan Allah ya sake ba ta ciki. Ita da mijinta sun kasa murna, ba ta barci, kowane ciwon mara sai gabanta shi faɗi. Suna tambaya: shin wanga tsoro raunin imani ne? Kuma shin zuwa asibiti yana warware tawakkali?

Fasali na farko, bisa tsoro

Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah shi yi maka rahama, tsoron da ke zuwa ma mutum ba da zaɓinsa ba, ba a rubuta masa shi zunubi. Dubi Suratul Ƙasas. An yi ma uwar Annabi Musa alkawari cewa za a mayar mata da ɗanta, amma duk da haka zuciyarta ta tashi har ta kusa tona asiri, sai da Allah ya ɗaure mata ita. Dubi Suratu Maryam. An yi ma Annabi Zakariyya bushara da Yahaya bayan tsufa, ga matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, sai ya roƙi alama, aka ba shi, ba a zarge shi ba. To, in waɗannan sun biɗi natsuwa bayan alkawarin Ubangiji ya zo musu, ina ga baiwar Allah wadda ba ta da alkawari, sai tunanin jinin da ta gani bara?

Imamu Gazali, cikin Ihya'u, ya misalta tsoro da fata da fukafukai biyu. Wadda ta yi ɓari, fiffikenta na fata ya ji rauni. Aikinku shi ne ku yi jinyarsa. Kada ku ce mata ta daina tsoro, zama ba ta da iko bisa wannan. Ku ce mata ta kai tsoron gaban Mai shi, ta faɗa masa cikin sujada kamar yadda yake. Tsoron da ke kora bawa zuwa ƙofar Ubangijinsa alheri ne. Wanda ake gudu shi ne mai kai shi ga ɗebe tsammani, ko ga ƙofar boka.

Fasali na biyu, bisa ɗora laifi

Ka sani, ɓari ba alamar fushin Allah ba ne. Suratush Shura ta bayyana cewa Shi ke ba wani ɗiya mata, wani maza, wani shi gauraya masa, wani shi bar shi ba haihuwa. Uwar muminai Nana A'isha ba ta haihu ba, kuma darajarta ba ta ragu ba. Hadisin Ibnu Mas'ud, na 4 cikin Arba'una ta Nawawi, ya nuna halitta tana tafiya kwana 40 sau 3, sa'an nan a aiko mala'ika shi busa rai, shi rubuta arziki da ajali. Uwa ba ta riƙe da wanga alƙalami.

Likitocin zamani ma sun tarar da abin da ke sauke laifi daga kanta. A shekarar 2021 an buga ƙidaya cikin mujallar likitoci mai suna Lancet, cewa cikin kowane ciki 100 da aka san da shigarsa, wajen 15 suna zubewa, watau wajen miliyan 23 cikin duniya kowace shekara. Mafi yawa suna zubewa cikin wata 3 na farko, kuma wajen rabinsu saboda tangarɗa cikin tsarin ƙwayoyin halitta tun ranar da ruwan namiji ya gamu da ƙwan mace. Ba dakan da ta yi ba ne, ba tulun da ta ɗauka ba ne. Kuma sun tarar mafi yawan matan da suka yi ɓari, ko da ya maimaita, suna haihuwa daga baya. Ku riƙe wannan, zama abinci ne ga fata.

Saboda haka ku ji tsoron Allah ga harsunanku. Kada a ce kishiya ce ta yi mata asiri, kada a ce tsohuwar maƙwabta mayya ce. Wanga zato ya raba gidaje da yawa, ya jefa bayin Allah cikin ƙazafi. Kuma wanda ke kiran matarsa juya, shi sani jinkirin haihuwa sau da yawa daga wajen namiji yake, ba a gane shi sai an auna su duka biyu.

Fasali na uku, bisa tawakkali da sababi

Tawakkali aikin zuciya ne, sababi aikin gaɓoɓi ne, ɗaya ba ya korar ɗaya. Tirmizi ya ruwaito labarin mai raƙumi da aka umurce shi shi ɗaure raƙuminsa sa'an nan shi dogara. Dubi masuncin Argungu: ya san kifi rabo ne, amma ba ya shiga Matan Fada sai ya ɗinke homarsa, ya duba gorarsa. Magabatanmu ma haka suke. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu 1837, ya wallafa littattafai bisa magani, ba wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu.

Ga sababan da suka wajaba ku riƙa. Ta tafi awo da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2016, ta ba da shawarar mai ciki ta gana da ma'aikatan lafiya sau 8, na farko cikin mako 12 na fari. Ga Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ga babban asibitin Argungu, ga ƙananan asibitoci na unguwa. Ta faɗa musu ɓari nawa ta yi, kuma wata nawa ga kowane, kada kunya ta hana ta. Za su auna jininta da fitsarinta, su duba ciwon suga, da hawan jini, da ƙarancin jini, da rukunin jininta, zama akwai sababan ɓari da ke da magani in an gane su. Ta sha ƙwayar folik asid da suke bayarwa. Ta kwana cikin gidan sauro kowane dare, zama mu mutanen fadamar Rima ne, zazzaɓin cizon sauro kuwa yana cutar da ciki. Akwai maganin kariya da ake fara ba ta bayan wata 3 sun cika.

Kada ta sha jiƙo ko ƙwayar kanti da ba a san abin da ke ciki ba. In ta ga jini, ko zazzaɓi mai zafi, ko ciwo mai tsanani ga gefe ɗaya na mara, a kai ta asibiti nan take, ko tsakar dare ne. A yi addu'ar bisa hanya. In Ramadan ya same ta tana tsoro ga abin da ke cikinta, Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta ba ta damar ta sha, ta rama daga baya.

Fasali na huɗu, bisa hakkin miji

Ya kai almajiri, kada ka tsawaita zama cikin zikiri ka bar mai tsoro ita kaɗai cikin ɗaki. Zamanka wurinta, da kuɗin awo da ka tanada tun kafin a tambaye ka, da ruwan da ka ɗebo mata, duk suna cikin sulukinka. Kada ka tsorata ta da zancen ƙarin aure cikin waɗanga watanni. In tana son a ɓoye cikin ga maƙwabta har shi yi ƙwari, wannan ya halatta. Amma ba a ɓoye shi ga mai awo, ko ga mace ɗaya amintacciya da za ta tsaya mata in dare ya yi tsawo. Ku kuma iyaye da surukai, ku rage tambaya, ku yawaita addu'a.

Fasali na biyar, in abin tsoro ya auku

Ba mu yi muku alkawarin abin da ba a hannunmu yake ba. Ana riƙe sababi duka, ciki shi zube. In haka ta faru, ku bar ta ta yi kuka. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ga ɗansa Ibrahim, bai faɗi sai abin da Ubangiji ya yarda da shi ba. An ruwaito cikin littafin Ibnu Majah cewa ɗan ɓari yana jan uwarsa zuwa Aljanna in ta nemi lada. Ku yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi ma wadda ta yi rashi, zama rashi ta yi. Sa'an nan a mayar da ita asibiti a duba ko wani abu ya saura, a kuma biɗi sanin dalili.

Wanda ya roƙa, ya ɗaure raƙuminsa, ya kyautata ma matarsa, ya cika abin da ke kansa. Saura na Mai mahaifa ne. Allah shi tabbatar da cikin kowace mai tsoro, shi ɗaure zuciyarta kamar yadda ya ɗaure ta uwar Musa, shi sauke ta lafiya, shi ba wadda ke jira, shi ba wadda ta rasa lada cikakke. Amin.